DUTSEN WASE

Yara, in aka aiki ɗayanku a Kirikasamma aka ce ya samo dutse wanda girmansa ya kai kan mutum, ina zai nufa? Zai zaga gari, ya bi bakin kogi, ya ratsa gonakin shinkafa, ya hau jigawa ya sauka, ba zai sami kome ba sai rairayi da laka. In abin ya ishe shi, sai ya koma gida ya ɗauko dutsen niƙan kakarsa, shi ma kuwa daga wata ƙasa aka kawo shi. Ƙasarmu a shimfiɗe ta ke kamar tabarma. In an ɗebe hasumiyar masallaci da dogon ƙarfen waya, ba abin da ya fi goruba da giginya tsawo a wurinmu.

Saboda haka yaron ƙasarmu ya kan yi shiru in malami ya fara zancen dutsen da ya tashi sama har tsuntsu kaɗai ke iya zama a kansa. To, akwai irinsa a ƙasar nan tamu ta Nijeriya, ana ce da shi Dutsen Wase. Ku kasa kunne ku ji labarinsa, gama ko da ya ke yana da nisa, labarin nan ya shafi gonar shinkafar da ke bayan gidanku.

Hanyar zuwa Wase

Bari mu ce mun shiga mota a Haɗeja mun nufi kudu. Da fari ba za mu ga kome ba sai irin ƙasarmu, gonaki da fadamu da jigayi. Sai mun kusa Dutse, babban birnin jiharmu ta Jigawa, kana mu fara hangen manyan duwatsu jibge bisa juna, waɗanda garin ya sami sunansa daga gare su. Mu wuce Birnin Kudu da Ningi, mu isa Bauci, duwatsu suna ta ƙaruwa dama da hagu. Daga Bauci hanya ta dinga hawa har Jos. Jos tana bisa wani tudu mai faɗi ƙwarai, wanda ya ɗara mita 1,200 bisa teku, shi ya sa a ke sanyi a can. Daga Jos mu karkata kudu maso gabas, mu bi ta Mangu da Pankshin, sa'an nan hanya ta gangara da mu zuwa Langtang, mu sauka cikin fili mai zafi. Wase tana gaba kaɗan. Tsakaninta da Jos ya ɗan wuce kilomita 200, kuma tana cikin Jihar Filato.

Tun ba mu ga garin ba za mu ga dutsen. In sararin sama ya yi garau, ana hangensa daga kilomita 40, watau mil 25, tafiyar yini guda ke nan ga mai ƙafa. Yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili kamar wani ƙaton rumbu, ba wani dutse kusa da shi da ya kama ƙafarsa. A gindinsa akwai tarin ɓaraguzan duwatsu da 'yan itatuwa, mutum ya iya hawa wannan in ya daure. Daga nan sama kuwa sai bango miƙe, ba wurin sa ƙafa.

Tsawonsa daga gindi zuwa ƙololuwa kimanin mita 300 ne, watau wajen ƙafa 1,000. In ka sami goruba mai tsawon mita 10, sai an ɗora irinta 30 bisa juna kana ta ƙarshe ta taɓa kansa.

A nan ku lura da abu guda. Hanya biyu a ke auna tsawon dutse. Akwai awo daga gindinsa, shi ne muka faɗa yanzu. Akwai kuma awo daga fuskar ruwan teku, shi ne wanda a kan rubuta a taswira, domin teku a daidai ta ke ko'ina. In an bi awo na biyu, ƙasar Haɗeja kanta tana wajen mita 350 bisa teku. Ashe mu ma a sama mu ke zaune, ba mu sani ba, don kuwa ƙasar tana tashi a hankali ne tun daga bakin teku.

Garin Wase yana kusa da dutsen. Masarauta ce da aka kafa wajen shekarar 1820, a zamanin Sarkin Bauci Yakubu, ta kuma daɗe tana ƙarƙashin Bauci. Amma dutsen ya riga garin, ya riga sarakuna, ya riga kowane ɗan Adam zuwa wurin.

Yadda dutsen ya samu

Wannan ƙasa da mu ke takawa, bayanta ne kaɗai ya huce. Cikinta akwai zafi mai tsanani. Masu haƙar ma'adini sun san haka, domin gwargwadon zurfin raminsu, gwargwadon zafin da su ke ji. A can ƙasa ƙwarai, a waɗansu wurare, zafin ya kan kai har dutse ya narke, kamar yadda ƙarfe ke narkewa a wurin maƙera. In narkakken dutsen nan ya sami tsaga, sai ya biyo ta ya taso sama, ya fasa ƙasa ya fito da wuta da hayaƙi da toka. Abin da ya fito ya taru kewaye da ramin, ya huce, ya zama tudu. Shi a ke kira dutse mai aman wuta.

Har yanzu akwai masu rai. Dutsen Kamaru, wanda ke bakin teku a ƙasar maƙwabtanmu, tsawonsa ya ɗan ɗara mita 4,000, ya yi aman wuta a 1999, ya kuma a 2000. A hanyarmu ta zuwa Wase ma, a wajen Panyam da Kerang, mun wuce waɗansu tuddai masu siffar malfa. Su ma sun taɓa yin aman wuta, amma sun mutu tun da daɗewa, yanzu manoma ke noma jar ƙasar da ke gindinsu.

Kowane dutse mai aman wuta yana da hanya a cikinsa wadda narkakken dutse ke bi, kamar maƙogwaro. Sa'ad da wutar ta mutu, abin da ya rage cikin maƙogwaron ba ya samun fita. Nan zai tsaya ya huce, ya daskare, ya toshe hanyar. Masana duwatsu sun bincika Dutsen Wase, sun ce shi ne irin wannan abin da ya daskare cikin maƙogwaro. Irin dutsen da ke jikinsa suna kiransa tirakait, mai tauri ne ƙwarai.

Watakila wani yaro ya ce, "Malam, in a cikin maƙogwaro ya ke, yaya aka yi mu ke ganinsa a fili?" Tambaya ce mai kyau. Kun taɓa tsayawa a kasuwa wurin masu zubin tukwanen ƙarfe? Su kan danna yashi mai laima cikin akwati, su bar gurbin tukunya a tsakiya, su narka ƙarfe su zuba. In ya huce sai su fasa yashin su kakkaɓe, ga tukunya ta fito. Haka aka yi da Dutsen Wase. Ƙasa da duwatsun da ke kewaye da shi su ne yashin, ba su kai shi tauri ba. Mai kakkaɓewa kuwa shi ne ruwan sama. Kowace damina ruwa ya ɗebi kaɗan ya tafi da shi, har tudun da ya lulluɓe maƙogwaron ya ƙare sarai, filin da ke kewaye ya yi ƙasa, mai taurin nan ya rage a tsaye. Hausawa sun ce yau da gobe shi ya sa allura ginin rijiya.

Aikin nan ya ɗauki lokacin da hankali ba ya iya kamawa. Masana sun auna, sun ce dutsen ya daskare kimanin shekara miliyan 14 da suka wuce. Yadda su ke ganewa kuwa, a cikin dutse akwai wani sinadari da ke rikiɗewa ya zama wani a hankali, ba ya sauri, ba ya jinkiri. In kana da tulu mai ɗiga, ka kuma san yawan abin da ke ɗiga kowace sa'a, da ka duba ruwan da ya taru a ƙasa za ka san tun yaushe aka cika tulun. Haka su ke yi da dutse a ɗakin bincike.

Wase ba shi kaɗai ne irinsa ba. A Rumsiki, cikin duwatsun Mandara a arewacin Kamaru, dab da iyakarmu, akwai waɗansu masu tsini kamar yatsu, su ma ta haka suka samu.

Abin da ya sa ya miƙe

Ku ɗebi gero a mudu ku zuba a tabarma. Kome yawan da kuka zuba, tarin zai baje ne, gefensa ya kwanta. Ba za ku iya sa shi ya tsaya kamar bango ba, domin ƙwayoyin ba su riƙe juna ba. Jigawa ma haka ta ke, shi ya sa yaro ke hawanta a guje. Amma jikin Dutsen Wase a haɗe ya ke, guri ɗaya ya daskare, don haka ya ke iya ɗaukar nauyin kansa a tsaye.

Akwai dalili na biyu. Kun ga yadda lakar fadama ke tsattsagewa da rani in ta bushe. Narkakken dutse ma in yana hucewa ya kan ɗan tsuke ya tsage, tsagar kuwa sau da yawa daga sama ta ke bi zuwa ƙasa. Rana ta gasa dutsen, dare ya sanyaya shi, ruwa ya shiga tsagar, saiwar 'yan tsire-tsire ta bi ta buɗa ta. Wata rana sai wani ɓangare ya ɓalle ya faɗo. Tun da ya ke tsagar a miƙe ta ke, inda ya ɓalle ma a miƙe zai rage. Ɓaraguzan da muka gani a gindi su ne waɗanda suka faɗo. Ta haka dutsen ya ke ramewa kaɗan kaɗan, amma bangonsa ba ya kwantawa.

Wannan miƙewa ta yi wa waɗansu tsuntsaye rana. Kun san kwasakwasa, babban farin tsuntsun nan mai jaka a ƙarƙashin baki, wanda ke kamun kifi a manyan tafkuna. Tun da daɗewa an san Dutsen Wase da cewa yana cikin wurare kaɗan a Afirka inda irinsa ke yin ƙwai. A can ƙololuwa kura ba ta zuwa, dila ba ya zuwa, yaro mai danƙo ma ba ya zuwa. Iyayen su kan tashi su yi doguwar tafiya neman kifi, su komo su ciyar da 'ya'yansu. Saboda tsuntsayen nan ne gwamnati ta keɓe filin da ke kewaye da dutsen.

Dala da Kufena

Kada ku ɗauka kowane dutsen da ya tsaya shi kaɗai aman wuta ya yi. Wanda ya taɓa zuwa Kano ya ga Dala. Kanta a baje ya ke, kuma marmara ce, watau jan dutsen nan mai tama a ciki, wanda mutanen dā suka riƙa narkawa suna samun ƙarfe. Marmarar ta zama kamar hula mai tauri, ta kāre ƙasar da ke ƙarƙashinta, ruwa ya cinye ta gefe ya bar wannan.

Kufena ta Zariya kuwa, da duwatsun garin Dutse, irin dutsen da a ke kira giranit ne. Shi ma narkakke ne tun asali, amma bai fito fili ba, can cikin ƙasa ya huce a hankali, na Kufena fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. In an gwada da su, Dutsen Wase jariri ne. Daga baya ruwa ya kwashe abin da ya rufe su, suka bayyana da santsin baya kamar ƙwarya a kife.

Asalinsu dabam dabam ne, amma abin da ya fito da su fili ɗaya ne. Ruwa ya kwashe mai taushi, ya bar mai tauri.

Ina ƙasar ta tafi?

Duk ƙasar da ruwa ya ɗebe daga wuri, dole ya ajiye ta a wani wuri. Ta wajen Wase tana bin Kogin Wase ta faɗa Binuwai, Binuwai ya haɗu da Kwara a Lakwaja, su tafi teku tare. Ba ta zuwa wurinmu. Amma mu ma muna da namu duwatsun da ke aiko mana.

Kogin Kano yana tasowa ne daga tuddan da ke kudancin ƙasar Kano, wajen gindin tudun Jos. Ya haɗu da Kogin Calawa, su zama Kogin Haɗeja, wanda ya bi ta Wudil da Ringim ya iso mana. Kogin Jama'are kuma daga tudun Jos kansa ya ke gangarowa. A can inda suka taso, ƙasa tana da gangara, ruwa yana gudu da ƙarfi, yana ɗauke da tsakuwa da yashi da laka waɗanda suka marmashe daga jikin duwatsu.

Da ya iso ƙasarmu sai gangara ta kusa ƙarewa. Daga Haɗeja zuwa Tafkin Cadi ya fi kilomita 300, amma duk saukar da ƙasa ta yi a tsakani ba ta kai mita 100 ba. Ruwa ya rasa ƙarfi, ya rarrabu hannu hannu, ya bazu cikin fadamu, ya sauke kayansa. Yashi mai nauyi shi ke fara kwantawa cikin kogi, laka mai laushi kuwa ta bi ambaliya har gonaki. Sauran ruwan ya wuce, kogunan biyu su haɗu kusa da Gashuwa su zama Kogin Yobe.

Shekara da shekaru ana wannan sauke kaya, har ya yi kauri ƙwarai. Shi ya sa masu haƙa rijiyar burtsatse a wajenmu su kan yi nisa cikin yashi da yumɓu ba su taɓa dutse ba. Dutsen yana nan, amma can ƙasa, a binne. Jigayin da ke tsakanin fadamu kuwa iska ce ta tara su, a wani zamani da ƙasar nan ta fi yanzu bushewa.

Kun ga amsar tambayar da muka fara da ita. Yaron da aka aika neman dutse a Kirikasamma, a kan dutse ya yi ta yawo, sai dai dutsen an riga an niƙe shi. Sabuwar lakar da ambaliya ke bari ita ce ke ƙara wa fadama ƙarfi, ta sa shinkafa da alkama da kayan lambu su yi kyau.

Abin da ya kamata mu kula da shi

A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano, a 1992 kuma aka gama ta Calawa. Madatsun nan suna ba birnin Kano ruwan sha, suna ba manoman rani ruwa. Amma sun sāke halin koginmu. Laka mai yawa tana kwantawa a bayan madatsa ba ta iso mana, ambaliyar damina ta ragu, da rani kuma a kan saki ruwa ya zauna cikin hanyoyin da dā su kan bushe. Ciyawar kacala ta sami abin da ta ke so, ta yaɗu, ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. Sai ka ga wani ƙauye ruwa ya cinye gonakinsa, wani kuma yana jira bai samu ba. Har wa yau, in mutane suka sassare itatuwan bakin kogi, gaɓa ta kan zube, yashi ya cika hanyar ruwa.

Ba mu da ikon hana ruwa cin dutse, ba ma so mu hana. Amma abin da ke hannunmu shi ne mu bar itatuwan gaɓa su tsaya, mu dasa waɗansu, in kuma manya sun fita gayyar yanke kacala da yashe hanyar ruwa, mu taimaka da abin da ƙarfinmu ya kai. Yaron da ya san daga inda ƙasar gonarsu ta zo, da irin shekarun da aka yi kafin ta taru, ba zai yi wasa da ita ba.

In ruwa ya janye bana, ka je bakin kogi ka ɗebi yashi a tafin hannunka, ka duba shi a rana. Za ka ga ƙwayoyi farare da jajaye, da waɗansu 'yan ƙanana masu ƙyalli. Kowace ƙwaya daga jikin wani dutse ta fito, can kudu ko yamma, inda watakila wata rana za ka je ka gani da idonka.

Tambayoyi

1. A wace jiha Dutsen Wase ya ke, kuma mene ne tsawonsa daga gindi?
2. Faɗi hanyoyi biyu da a ke auna tsawon dutse.
3. Ta yaya aikin masu zubin tukwane ya yi kama da yadda Dutsen Wase ya bayyana?
4. Don me tarin gero ba ya tsayawa kamar bango?
5. Mene ne bambancin asalin Dala da na Kufena?
6. Waɗanne koguna biyu suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja?
7. Don me babu duwatsu a fili a ƙasar Kirikasamma?

Aiki

1. Ku kafa guntun taɓarya a tsakar filin makaranta, ku tara yashi ku rufe ta ruf. Ku huda gindin gwangwani da ƙusa, ku riƙa zuba ruwa ta ciki bisa tarin. Ku rubuta abin da ya sami yashin, da abin da ya sami taɓaryar, da inda yashin ya tafi ya kwanta.
2. Da damina ku ɗebo ruwan kogi a kwalba, ku ajiye ta kwana ɗaya ba motsi. Ku zana abin da kuka gani a gindin kwalbar.